Cinikin Biri A Sama: Ƙwayar Sadarwa Da Makomar Kwamfutocinmu

A garin Garam da ke ƙasar Suleja ta Jihar Neja, daf da iyakar Bwari, akwai wani aminina mai makaranta mai zaman kanta wanda a ƙarshen shekarar 2025 ya tattara ɗan abin da ya samu ya sayo kwamfutocin cinya guda 30 na gwanjo daga hannun wani dillali. Manufarsa ita ce ya buɗe ɗakin koyon kwamfuta, domin sanin kowa ne tun daga 2015 hukumar JAMB, wadda hedkwatarta ke nan Bwari maƙwabciyarsu, ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya ta kwamfuta, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzami ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni tun kafin ya ga tambaya. Mai gyaran da ya ɗauko ya ba shi shawarar a ɗora wa injinan babbar manhajar nan ta Linux, wadda ake samu kyauta, tun da yake sun tsufa da ɗaukar sabuwar Windows. Aka ɗora. Guda 22 suka kama hanyar sadarwa nan take, guda 8 kuwa suka yi gum, kamar babu intanet a duniya.

Abin da ya ɗaure wa aminin nawa kai shi ne duk injinan suna ɗaya ne, lamba ɗaya, launi ɗaya, kuma kuɗi ɗaya ya biya. Sai da mai gyara ya bincika ya gano cewa waɗannan takwas ɗin wata ƙwayar sadarwa ce daban a cikinsu, ta wani kamfani da bai saki bayanin kayansa ba. Da aka koma wa dillali, sai ya ce shi dai ya sayar da kaya suna aiki da Windows, kuma kaya ya riga ya fita. A shari'ar kasuwa yana da gaskiya, domin babu wanda ya tambaye shi wace ƙwaya ce a ciki, shi ma kuma da wuya in ya sani.

Na kawo wannan labari ne saboda a ganina yana ɗauke da wani al'amari na tattalin arziki da 'yan kasuwarmu da hukumominmu suka yi wa riƙon sakainar kashi, ba don ƙyuya ba sai don an ɗauke shi a matsayin maganar masu gyara.

Bari mu fara da bayanin abin da ake magana a kai. A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, inda aka dasa duk sassan da ke aiki. A shekarun 1990, wanda ke son haɗa kwamfutarsa da wasu sai ya sayi katin sadarwa daban ya cusa a jikin allon, kuma in katin bai yi masa ba ya cire ya sake wani. Daga baya masu ƙira suka ga ya fi araha su dasa 'yar ƙwaya guda a kan allon tun daga masana'anta, ita ce ke kula da kafar da ake soka wayar sadarwa, wata kuma tana kula da sadarwar iska, wato Wi-Fi. Kamfanoni kaɗan ne suka mamaye wannan kasuwa: Intel da Broadcom da Qualcomm na Amurka, da Realtek da MediaTek na Taiwan. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin kwamfuta ya ga wata 'yar baƙar ƙwaya mai hoton ƙaguwa, to ta Realtek ya gani.

Ita wannan ƙwaya ba ta jin yaren babbar manhaja, babbar manhaja ma ba ta jin nata. Dole sai da tafinta a tsakani, wato wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Idan babu direba, ƙwayar tana nan lafiyarta lau amma ba ta da wani amfani. Kamfanin da ya ƙera ƙwaya kusan kullum yakan rubuta direbanta na Windows, domin can ne kasuwa take. Na Linux kuwa ya danganta da ra'ayin kamfanin: wani ya rubuta ya miƙa a fili, wani ya ba da bayanin ƙwayar wasu su rubuta, wani ya rubuta amma ya kulle, wani kuma ya yi kunnen uwar shegu.

Linux dai wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, ya kuma sake ta a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar karantawa da gyarawa da rabawa. Tun a farkon tafiyar aka gane cewa direbobin sadarwa su ne za su rayar da ita ko su kashe ta. Wani injiniya mai suna Donald Becker, wanda ya yi aiki a cibiyar Goddard ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shi ya rubuta da yawa daga cikin direbobin katunan sadarwa na wancan zamani, kuma a 1994 shi da Thomas Sterling suka haɗa ƙananan kwamfutoci 16 na kasuwa da wayar sadarwa suka mayar da su inji guda mai ƙarfi da suka kira Beowulf. Daga wannan 'yar dabara aka taso har ta kai a watan Nuwamba na 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Wayar Android da ke aljihun mai karatu ma a kan zuciyar Linux aka gina ta. Saboda haka ba wata baƙuwar aba muke magana a kai ba.

Amma hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A farkon shekarun 2000 kamfanin Nvidia ya fito da allunan nForce masu ɗauke da ƙwayar sadarwa, ya kuma ba da direba kulallen da babu mai iya ganin cikinsa. Sai wasu masu sa kai suka raba aiki: wasu suka zauna suna nazarin yadda ƙwayar ke aiki suna rubuta bayani, wani kuma ya ɗauki bayanin ya rubuta sabon direba daga tushe, wanda aka sa wa suna forcedeth, wajen shekarar 2003. Daga baya injiniyoyin kamfanin da kansu suka shigo suna taimakawa wajen gyara shi. Abin lura a nan shi ne Nvidia ya bar sana'ar irin waɗannan alluna, amma direban ya ci gaba da zama a cikin Linux shekara da shekaru, duk mai tsohon allon yana cin moriyarsa. Haka aka sha fama da ƙwayoyin iska na Broadcom, har ta kai a wani lokaci mutane na amfani da wata dabara mai suna NDISwrapper domin aro direban Windows su yi maneji da shi. A watan Janairu na 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya yi shela cewa duk kamfanin da ya ba da bayanin kayansa za a rubuta masa direba kyauta. Atheros ya saki buɗaɗɗen direba a 2008, Broadcom ma ya saki na wasu ƙwayoyinsa a watan Satumba na 2010.

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar Turawa ce. To ai mu ma an yi ta a ƙofar gidanmu. A 2007 aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, a kan hanyar da mutumin Suleja ke bi in zai shiga birni, 'yan korayen kwamfutocin nan na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Farfesa Nicholas Negroponte na Amurka ya jagoranta. Da Linux suke aiki, kuma babban abin alfaharinsu shi ne suna iya sadarwa da junansu ta iska ko babu intanet. Ƙwayar da ke wannan aiki ta kamfanin Marvell ce, kuma manhajar da ke cikinta a kulle take. Tun a 2006 Theo de Raadt, jagoran babbar manhajar OpenBSD, ya fito fili ya soki masu shirin a kan sun amince da yarjejeniyar sirri da kamfanin, yana mai nuna cewa ana kiran injin buɗaɗɗe alhali mafi muhimmancin sashensa yana hannun kamfani guda. A lokacin an ɗauke shi mai tsattsauran ra'ayi. Ni dai a matsayina na wanda ya karanci tattalin arziki, abin da ya faɗa shi ne abin da kowane mai ba da bashi zai tambaya: idan mai wannan sashe ya janye, me ya rage a hannun mai kaya?

A wannan shekara ta 2007 kuma aka yi wata dambarwar. Kamfanin Mandriva na ƙasar Faransa ya samu cinikin ɗora Linux a kan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 domin makarantun Nijeriya, sai ga labari cewa za a goge a sa Windows, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi. An yi ta ka-ce-na-ce a kan wace manhaja za a ɗora, amma darasin da na ɗauka daga ciki daban ne. An iya yin wannan gardama ne tun farko saboda injinan suna da direbobi a ɓangarorin biyu, wato mai saye yana da zaɓi, kuma mai zaɓi shi ke da bakin taya farashi. Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015, amma da yake direbobin ba mallakarsa ba ne shi kaɗai, rushewarsa ba ta kashe injin kowa ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihunmu kai tsaye. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum, kamar yadda ya yi wa Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020. Windows 11 da ta gaje ta tana da sharuɗɗa: sai injin yana da wata ƙwayar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in na Intel ne, galibi sai ƙwaƙwalwarsa ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wato ƙirar wajen 2017 zuwa yau. Duk wanda ya san kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko Banex da ke Wuse a Abuja, ko Farm Centre ta Kano, ya san ɗimbin kayan da ke kan teburansu sun girmi wannan sharaɗi. Kamfanin da ke son ci gaba da samun gyaran tsaro a kan Windows 10 sai ya biya dala 61 a kan kowane inji a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara. Idan aka tuna cewa kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kuma a farkon 2024 ta haura Naira 1,500, za a ga cewa ga mai makaranta a Garam ko mai shagon buga takardu a Sabon Wuse wannan ba hanya ba ce.

Abin da ya rage masa uku ne. Ko ya ci gaba da tsohuwar Windows babu kariya, yana ajiye bayanan ɗalibai da na abokan ciniki a gidan da babu ƙofa. Ko ya ɗora ta sata, wadda kowa ya san ita ce ta cika gari, tare da duk ƙwayoyin cutar da akan ƙunso a cikinta. Ko kuma ya koma buɗaɗɗiyar manhaja, injin ya ƙara shekaru yana aiki. Hanya ta ukun ita ce ta hankali, amma tana rataye ne a kan 'yar ƙwayar nan da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Kwamfutar da ba ta shiga hanyar sadarwa a yau, keken rubutu ce mai cin wuta.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe da kyau, domin a kansa ne aminina ya sake yin asara. Direba iri biyu ne. Akwai wanda aka shigar cikin zuciyar Linux kanta, wanda duk lokacin da aka sabunta ta, kusan kowane mako tara zuwa goma, masu aikin sukan gyara shi tare da sauran. Akwai kuma wanda kamfani ya ajiye a gefe, sai mutum ya je ya ɗauko ya liƙa da kansa. Mai gyaran Garam ya yi dabara: ya haɗa wayarsa ta Android da kowane inji ta kebul, ya ari intanet ɗinta, ya sauko da irin wannan direba na gefe, injinan takwas suka tashi. Bayan 'yan makonni aka sabunta manhaja, wasu daga cikinsu suka sake yin shiru, sai da aka sake kiransa, aka sake biyansa kuɗin mota da na aiki. Wanda ya ce maka kayansa na aiki da Linux bai gama magana ba sai ya faɗa maka direban a ciki yake ko a gefe.

Masana tattalin arziki suna da suna ga irin wannan kasuwa. A 1970 George Akerlof ya yi nazari a kan cinikin motoci na hannu, inda ya nuna cewa idan mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da marar kyau, to kuɗi ɗaya zai taya, mai kaya mai kyau kuma ba ya samun ladan kyawun kayansa, sannu a hankali sai tarkace ya cika kasuwa. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Mu kuwa tun kafin a haife shi muke kiran abin cinikin biri a sama. Dillalin da ya zaɓo injina masu ƙwayar da ke da cikakken direba ba ya samun ko sisin kwabo fiye da wanda ya kwaso duk abin da ya tarar a kwantena, saboda babu mai tambaya. Ranar da masu saye suka fara tambaya, ranar ce farashi zai fara bambanta, masu shigo da kaya kuma su fara tacewa tun daga can.

Tambayar kuma ba ta da wuya. Ana iya ɗora Linux a kan filashi, a tayar da inji daga jikinsa ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba, cikin minti biyar a ga ko kafar waya da Wi-Fi sun kama. Akwai wani umarni mai suna lspci da ke nuna lambar kowace ƙwaya: 8086 ta Intel ce, 10ec ta Realtek, 14e4 ta Broadcom. Tun da yake masu ƙira sukan zuba ƙwayoyi daban-daban a cikin inji mai suna ɗaya, gwada guda ɗaya a ce an gwada duka kuskure ne. Mai sayen talatin ya gwada talatin, a gaban dillali, kafin kuɗi ya fita.

Adalci ne in faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren. Lamarin ya yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da shekaru ashirin da suka wuce. Kafar waya ta tsofaffin injinan ofis na HP da Dell da Lenovo da wuya ta ba da matsala, domin da yawansu ƙwayar Intel ce, kuma Intel ya daɗe yana rubuta direbobinsa a fili. Inda ake cin karo shi ne wasu ƙwayoyin iska, da kuma sababbin alluna fil waɗanda direbansu bai iso ga tsohon zubin Linux da mutum ke riƙe da shi ba. Buɗaɗɗen direba ma ba ya hana kuskure: a 2008 wata matsala a zubin gwaji na Linux ta lalata bayanan da ke cikin wasu ƙwayoyin sadarwa na Intel kafin a gano ta a toshe. Linux takan sauke direbobin kayan da suka tsufa ƙwarai idan babu mai kula da su. Sa'an nan ko da direba a buɗe yake, yawancin ƙwayoyin iska suna buƙatar wata manhaja ta cikin ƙwaya da har yanzu kamfanoni ke kullewa, abin da ya sa masu Debian, waɗanda suka fi kowa tsantseni, suka kaɗa ƙuri'a a 2022 suka amince su riƙa haɗa ta a faifansu na hukuma, aka fara da Debian 12 a watan Yuni na 2023. Bugu da ƙari, kyauta ba ta nufin babu kashe kuɗi. Ma'aikaci sai an koya masa, kuma akwai manhajojin lissafi da na wasu hukumomi da sai da Windows suke tafiya. Ba na cewa kowa ya bar Windows. Abin da nake cewa shi ne kada mutum ya sayi injin da zai hana shi barinta ranar da ya ga dama.

Babban mai saye a ƙasar nan gwamnati ce, kuma a nan ne nake ganin sakacin ya fi yawa. Muna da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da hukumar da ke kula da ita, muna da hukumar NITDA da aka kafa a 2001 wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu. Takardun kwangilar kwamfuta sukan lissafa girman ƙwaƙwalwa da faɗin allo da yawan ma'aji. Layi ɗaya za a ƙara: cewa kowace ƙwayar sadarwa da ke cikin injin dole direbanta ya kasance a cikin zuciyar Linux, kuma ɗan kwangila ya nuna hakan a gaban kwamitin karɓar kaya. Wannan bai tilasta wa kowace ma'aikata canja manhaja ba, bai kuma ƙara wa kwangilar wani kuɗin a-zo-a-gani ba. Amfaninsa yana zuwa ne bayan shekara biyar ko shida, lokacin da ofis ya gama da injin, a miƙa shi ga makarantar sakandare ko ɗakin karatu yana aiki, maimakon a jibge shi a sito beraye su yi gida. Gwamnatin Jihar Neja da ƙananan hukumomin Suleja da Tafa da Gurara ba sa buƙatar jiran Abuja kafin su rubuta wannan layi a takardunsu. Haka nan bankunan da ke ba makarantu da masu cibiyoyin jarrabawa rancen sayen kaya, su ma abin ya shafe su, domin injin da zai yi shekara takwas ya fi wanda zai yi huɗu daraja a matsayin jingina.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta na Suleja da Abuja da Kano kuwa, in da za su ji ta tawa, da sun riga kowa. 'Yar takarda da za a manna a jikin inji mai cewa an gwada sadarwarsa da Linux ta kama, da sunan shagon da ya gwada, ta isa ta ba mai gaskiya damar ƙara wani abu a kan farashi, kuma mai sayen kaya da yawa zai biya da daɗin rai.

Aminina dai a ƙarshe ya sayo 'yan ƙananan na'urorin sadarwa da ake sokawa a kafar USB, waɗanda wannan karon ya tafi da mai gyara da filashinsa aka gwada su ɗaya bayan ɗaya a shago, ya soka wa injinan takwas. Suna aiki, sai dai kowace yamma sai malamin ɗakin ya zare su ya ƙirga ya kulle a durowa, domin abin da bai fi ɗan yatsa ba yakan bi aljihun yaro ya tafi gida.